Lefena a Cikin Buhun Shinkafa

Kafin ku fara yi mini dariya ku bari in zauna tukuna. Masu turo saƙo suna tambaya ko na fasa ba ku labarin ne, ban fasa ba, kaina ne ya ɗauki zafi. A makon nan kaɗai an jiƙa mini lefe a duron ruwa, an rangaɗa mini guɗa a inda ban taɓa zato ba, sannan na nemi wani abu har da kuka, da aka miƙo mini shi na rasa inda zan ajiye.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, sunana Ummukulsum, a gida Ummu. 'Yar Gummi ce ni, ma'aikaciyar lafiya. Sauran ranaku ina ƙaramin asibitin unguwarmu, amma duk Laraba nakan hau kabu-kabu, wato babur ɗin haya, in tafi wani ƙauye gaba da Zugu in yi wa mata awon ciki. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, kun san dalili. Ba wanda ya tilasta mini zuwan nan. Da wadda take zuwa a da ta ce ita ta gaji da kasada, ni na ɗaga hannu da kaina. Kuma ba zan yi muku ƙarya in ce tausayi ne kaɗai ya kai ni ba. Ina son Larabar nan. Da zarar babur ya bar gari, fadama ta buɗe kore shar, iska ta cika mini hijabi, ba mai cewa ina za ki, ba mai cewa yaushe za ki dawo. Duk mako ranar ce kaɗai tawa.

Sai kuma Kamaluddeen. Bakano ne, yana zaune a Anka, yana sayen zinari a hannun masu wanke shi a wajajen Abare. Dogo ne, baƙi, magana a hankali kamar mai tsoron tashin jariri. Ina son sa, wannan ba abin ɓoyewa ba ne a nan, ko da yake a garinmu shi ne babban abin ɓoyewa.

Tun ranar da manyansa suka zo wajen Baba aka tsayar da magana, Inna ta kafa doka. A wajenmu yanzu tsoron mutanen daji daban, tsoron mai kai musu labari daban, kuma na biyun ya fi cin rai, don shi ba ka san fuskarsa ba, ƙila ma sahu ɗaya kuka yi sallah. In aka ji 'yar wane za ta auri mai zinari, shi ke nan an sa mata ido, ita da duk wanda yake fitowa daga gidan.

“Ba zance, ba rakiya, ba hoto,” in ji Inna. “In kina son shi, ki so shi cikin cikinki.”

Ko a wayata ba Kamal aka rubuta ba. An ce in aka kama mutum, wayarsa ake fara dubawa a ga su wa ya sani, don haka sunan mijin da zan aura a wayata shi ne Mai Gyaran Fanka. Ku duba fa, da safe in farka in ga Mai Gyaran Fanka ya rubuto, “Na yi mafarkinki.” Sau ɗaya ya zo gidanmu tun da aka sa rana, cikin wata koɗaɗɗiyar riga da silifa, wai a ɗauka mai sayen albasa ne. Muna zaure ko gaisuwa ba mu gama ba Inna ta fara tari a bayan ƙofa.

Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Lokacin bikin ƙawata Husaina, kafin abubuwa su lalace haka, akwatuna aka jera a tsakar gida, mata suna ɗaga atamfa ɗaya bayan ɗaya, ana sa albarka, ana gulma, ita kuma tana ɗaki tana fari da ido. Ni ma ina son haka. Ku ce son a sani ne, na yarda. Mace ta yi karatu, ta yi haƙuri, ta samu wanda take so, sannan a ce ta yi aure kamar mai satar kaza?

To lefen ya zo, amma ba a akwati ba. Gwaggon Kamal ce ta haɗa shi a Kano, aka naɗe komai a leda, aka cusa a tsakiyar buhuna, shinkafar da ba a cashe ba a ƙasa, wata a sama, aka ɗinke baki da jan zare. Motar kasuwa ta kawo, mai amalanke ya shigo da su, aka jingine a ɗakin ajiya tare da buhunan da Baba ya nomo a fadama. Ba dangin ango, ba tukuici, ba ko lemon kwalba. Na roƙi Inna mu farke ko ɗaya ne in leƙa, ta ce sai ana gobe ɗaurin aure.

“Baba ya san sun iso?” na tambaye ta.

“Babanku mutumin kirki na,” ta ce, “amma in ya ji, majalisa ta ji. Ki kama bakinki.”

Na kama bakina. Wannan kama bakin ne ya kai mu ya baro.

Ranar Litinin na dawo daga aiki gab da azahar, ina cire takalmi ke nan, Inna ma ta dawo daga barkar haihuwa. Ta shiga ɗakin ajiya ɗebo gero, sai kawai na ji salati. Ta fito ba ɗankwali, ta nufi Baba, yana gindin darbejiya da rediyonsa a kan ciki.

“Malam! Ina buhunan ga masu jan zare?”

Baba ko ɗago kai bai yi ba. “Na aika ma Zulai ta turara. Shinkahwa jibge ƙwari na ci, ku kuna kallo.”

“Yaushe?”

“Tun da hantsi. Mi af faru?”

Ban taɓa sanin Inna ta iya gudu ba sai ranar. Ta figi mayafi, ƙafa ɗaya silifanta, ɗaya takalmin Baba, ni kuma ina binta da farar rigar aiki. Zulai ita ce mai turara shinkafa a unguwarmu, gidanta yana bayan masallaci. Aikinta ke nan, a kai mata shinkafa da ɓawonta, ta jiƙa a duro, ta turara, ta shanya, sannan a kai inji. Gidan nan kullum cike yake da mata, masu aiki da masu jiran tasu da waɗanda hira kawai ta kawo su. In kana son labari ya zaga Gummi kafin la'asar, ba sai ka je gidan rediyo ba.

Tun daga lungu na hango igiyar shanya. Jama'a, ban san lefena ya kai haka kyau ba. Atamfofi ne reras suna ɗigar ruwa, wata shuɗiya mai zanen ganye, wata ja da ruwan ƙwai, ga leshi fari tas mai duwatsu, ɓawon shinkafa duk ya maƙale a ramukansa. A kan tamfol ɗin da ake shanya shinkafa an jera takalma da jakunkuna ƙafa da ƙafa. Wata tsohuwa ta buɗe kwalbar turare tana shinshinawa ido a rufe. Ƙananan kaya kuwa, Allah ya saka wa wadda ta kifa faranti a kansu. Ashe buhun farko suka ɗaga suka juye a duro, leda ta fashe, atamfa ta taso saman ruwa. Daga nan suka farke sauran.

Zulai na ganinmu ta dafe ƙirji, ta kama hanci ta saki guɗa.

“Ayyururui! Ashe amarya muke da ita unguwag ga anka ɓoye muna! Ummu, zaka nan in gan ki!”

“Zulai, don girman Allah ki rage murya,” Inna ta ce, tana haki. “Kayan wata ɗiyar dangi na, ajiya anka ba ni.”

“Ajiya?” Zulai ta ɗago wani ɗan jan akwati, ta buɗe. Sarƙa ce da 'yan kunne, suna wani irin ƙyalli a rana. “Wanga ba na kanti ba na, Innar Ummu. Bakanen ga na Anka na, ko? Wanda yaz zaka da silifa? Mu muna kallo nai ta katanga. Wa ka sayen albasa da agogo irin wancan?”

Gidan ya ɗauki shewa. Kafin in ankara an jawo ni tsakiya, wata ta yafa mini jiƙaƙƙiyar atamfa a kafaɗa, wata ta fesa mini turare har a ido, wata ta juya roba ta fara kiɗa. Ana ta “Allah shi sa alheri,” “Allah shi kai mu ranar.” To a nan ne zan faɗa muku abin da ban faɗa wa Inna ba. Daɗi na ji. Wallahi daɗi na ji har cikin ƙashina. Na rufe fuska da tafin hannu wai kunya, alhali dariya nake yi, hawaye na zuba. Abin da na yi ta so ke nan, ga shi Baba ya ba ni a kan kuskure.

Da na buɗe ido sai na ga wayoyi. Uku ko huɗu a sama, ana ɗauka. A bakin ƙofa kuma maza sun taru, masu amalanke da masu wucewa, wasu na san su, wasu ban taɓa ganin fuskarsu ba. Na juya wajen Inna. Tana tsaye ita kaɗai a gefen duro, takalmin Baba a ƙafarta, tana bin fuskokin bakin ƙofar nan da kallo ɗaya bayan ɗaya. Nan take na daina dariyar.

Kafin la'asar bidiyon ya isa Anka. Muna tsakar gida muna sauke kaya daga amalanke wayata ta yi ƙara. Mai Gyaran Fanka.

“Ummu, wannan da nake gani a waya gaskiya ne?”

Na rubuta, “Gaskiya ne. Ka gaya wa Gwaggo atamfofinta ba sa zuba, an gwada.”

“Ba wasa nake ba.”

Sai ga kira. Na shige ɗaki na turo ƙofa.

“An ambaci sunana a ciki,” ya ce. “An ambaci naki, an nuna fuskarki. Har wani ya rubuta a ƙasa wai ai malamar asibitin nan ce mai zuwa ƙauye ran Laraba. Ummu, jibi Laraba.”

“Na sani.”

“Kada ki je. Ki bari gobe in turo mota ta kai ki Kano wajen Gwaggo, ki zauna har biki. Gidan akwai get, akwai maigadi. In aiki kike so, asibitoci sun yi yawa a can.”

“In na tafi wa zai duba matan?”

“Gwamnati ta tura wani.”

“Kamal, ka san ba wanda za a tura.”

Sannan ya ce, “Kin tuna Lubabatu, matar abokin kasuwancina, da aka ɗauka bara? Ban taɓa gaya miki ba, ni na je karɓo ta a bakin daji. Ƙafafunta na fara gani, sun kumbura sun farfashe. Har yau in tana ɗaki aka rufe ƙofa sai ta yi ihu, in aka buɗe ma sai ta yi ihu. Mijinta ya rasa yadda zai yi da ƙofar. Ni ba zan iya ba, Ummu. Ki ce mini matsoraci, na yarda.”

Me zan ce masa? Da ma ya yi mini tsawa ne, ya ce ni mijinki ne na hana, da na san inda zan kama. Amma mutum yana rawar murya saboda kai, ta ina za ka fara faɗa da shi?

Talata Inna ta sa sakata, ta ce ko asibitin unguwa ba zan je ba. Na yi niyyar yin fushi, har na ɗaure fuska na shiga ɗaki. Sai barci ya kwashe ni bayan karin kumallo, irin barcin da na manta rabona da shi. Ba tunanin hanya, ba sauraren ƙarar babura daga nesa ana lissafin ko su ne. Na farka ƙamshin dambu ya cika gida, kaji suna tono a gindin randa, Inna tana 'yar waƙarta a madafa. Na kwanta ina kallon silin na ce a raina, to wai me ye laifin wannan? Mutum ya zauna inda ba abin da zai same shi, a dafa a ba shi. Na hango kaina a Kano, fanka na juyawa, ina yanka kankana. Har na ji kunyar yadda abin ya yi mini daɗi.

Zuwa azahar kuma katangar gidan ta fara matso ni. Na leƙa ta ramin ƙofa kamar ɓarauniya, na ga yara suna dawowa daga makaranta, na ji haushinsu. Sai Basma ta faɗo mini a rai. Yarinya ce a ƙauyen can, cikin fari, wata takwas. Makon jiya ƙafafunta sun kumbura, jininta ya hau, na ba ta magani na ce lallai ta dawo Laraba in sake aunawa, in bai sauka ba mu san yadda za a yi a fito da ita gari. Ta ce, “To, Malama, in dai kin zaka ina nan.” Ƙauyen ba sabis, balle in kira in ce ta nemi wata dabara.

Bayan la'asar muka baje lefen a tabarma, ni da Inna, muna tsince ɓawon shinkafa daga leshi da tsinken tsintsiya. Baba yana gefe a kujerarsa. Tun jiya bai kunna rediyo ba, bai kuma fita majalisa ba.

“Inna, gobe za ni tahi,” na ce.

Ba ta ɗago ba. “Ba inda za ki.”

“Akwai mai ciki da ka jirana. In ban tahi ba komi na iya hwaruwa da ita.”

“Ke kuma in kin tahi komi ba ya iya hwaruwa da ke?”

“Raina na, Inna. Ni niz zaɓi aikin ga.”

Nan ta ajiye tsinken. “Ranki na? To in anka ɗauke ki, wa za a kira? Ke za a kira? Ni za a kira, a sa mani kukanki cikin waya in saurara. Gonar wa za a sai da? Wa za ya bi gida gida shina roƙo? Kina hwaɗin ranki na kamar ke kaɗai ag gare shi.”

“To in na zamna gobe, yaushe za ni hita? Wata Laraba? Bayan biki? Sai ranar da anka gama da mutanen daji? Wace rana ta, Inna? Ki hwaɗa mani in rubuta.”

“Ban sani ba!”

“Ke nan sun ɗauke ni tun ina cikin gida. Ba su ko sha wahalar zuwa ba.”

Ban san zan yi kuka ba sai da na ji shi ya ɓalle. Kuka sosai, har da majina, a kan farin leshin mutane. Kuma abin haushi, ina kukan ina jin maganar Inna tana da gaskiya, tawa ma tana da gaskiya, na rasa wadda zan bari. Rabin zuciyata yana kan babur, rabi yana Kano yana shan kankana.

Baba ne ya yi gyaran murya. “Ni niɓ ɓata abin ga,” ya ce a hankali. “Da an hwaɗa mani da ban taɓa buhunan ba, amma ba wanga muka ciki ba yanzu. Ummu ba yarinya ba ta. Ni ba ni hana ta.”

Inna ta dube shi, ta dube ni. Ta ninke leshin ta ɗora a kan sauran, ta miƙe tana kakkaɓe zane.

“Shi ke nan. Na ɗauke hannuna. Ki yi abin da kig ga ya hi.”

Ina share hawaye saƙon Kamal ya shigo, kamar sun haɗa baki.

“Na yi tunani. Ba don in kulle ki nake son aurenki ba. A kan babur ɗin nan na fara ganinki, da jakarki a cinya, a nan kika burge ni. In kin ga za ki je, ki je, ba zan riƙe ki a zuciya ba. Ni dai ba abin da zai shiga cikina sai kin ce kin dawo.”

Na karanta na sake karantawa. Ku gaya mini, ba abin da nake nema ke nan ba? To me ya sa na ji kamar an janye mini tabarma ina zaune? Na shirya faɗa, na tanadi maganganu, kowa ya watse ya bar ni da filin.

Laraba da sassafe na yi shirin hanya yadda na saba. Hijabin da ya fi kowanne koɗewa, ba 'yan kunne, ba hoda, ba turare. Babbar waya a ƙarƙashin filo, ƙaramar mai tocila a aljihu. Abin awon jini da magunguna na zuba su a tsohuwar jakar buhu, na ɗora ganyen zogale a sama. Inna tana madafa ta ba ni baya. Na ce na tafi, ta miƙo mini ƙullin ƙuli-ƙuli ba tare da ta juyo ba, ta ce Allah shi tsare.

A hanya kuwa sai ga abin da na daɗe ina so. “Amarya, ina kwana!” in ji mai ƙosai. “Amaryar zinari!” in ji wani daga shagon caji. Mata a bakin famfo suna nuna ni da baki suna murmushi. Kowace gaisuwa sai na ji ta kamar an ɗiga mini ruwan sanyi a ƙeya. Na ja hijabi na ƙara sauri.

A tashar 'yan kabu-kabu Lauwali yana inda ya saba, gindin wata bishiyar mangwaro. Shi yake kai ni tun ranar da na fara zuwa ƙauyen. Mutum ne mai natsuwa, kafin mu tashi sai ya kira 'yan uwansa na garuruwan hanya ya ji ko lafiya, in ya ga shanu sun watse ba makiyayi ya juya ba ya ko shawara. Kullum yana hango ni yake tayar da babur. Ranar bai tayar ba.

“Lauwali, ina kwana. Mu tahi ko?”

Ya sauke kai yana murza makulli a hannu. “Malama Ummu, ki yi mani aikin gahwara. Ba ni iya ɗaukar ki.”

Na yi dariya, na ɗauka tsiya ce irin ta amarya. “In ƙarin kuɗi kaka so ka hwaɗi.”

“Ba kuɗi ba na.” Ya ɗago, idonsa ja. “Da, in sunka tare mu, babur za su amsa su bar mu mu tako da ƙahwa. Yanzu ke za su ɗauka. Ni kau mi za su yi da ni? Ba su barin wanda yag ga hanyar da sunka bi. Ɗiyana ƙanana na, Malama. Jiya uwarsu ba ta bar ni na runtsa ba.”

Duk gardamar da na yi, raina ne, zaɓina ne, na sa Inna a lissafi, na sa Kamal, na sa Basma, ban taɓa tuna cewa a bayan wani nake zama ba. Na dubi sauran 'yan kabu-kabun. Wannan ya duƙa yana duba taya, wancan ya ɗaga waya a kunne ba tare da ta yi ƙara ba. Mutanen da kullum suke rububin jakata.

Ina tsaye a haka sai wani babur ya taho daga bakin titi ya tsaya daidai gabana, bai kashe ba. Mai shi ya naɗe fuska da rawani irin yadda masu doguwar hanya suke yi, ido kawai ake gani.

“Malama Ummu ko? Gaba da Zugu za ki?” ya ce. “Ni ƙanen mijin Basma na. Tun jiya kanta ka ciwo, ta ce ba ta gani sosai. Anka ce in zaka in ɗauko ki. Hau mu tahi.”

Gabana ya faɗi sau biyu, ɗaya don Basma, ɗaya don kaina. Ciwon kai da dishi-dishin gani ga mai cikin da jininta ya hau, na san abin da yake biyo baya, kuma ba ya jira. Amma sunan Basma ba sirri ba ne, duk wanda ya zauna a bakin asibitin ƙauyen ran Laraba zai iya jin sa. Ban taɓa ganin mutumin nan ba. Ko da yake dangin mijinta nawa na sani?

Na matsa kusa da Lauwali na yi ƙasa da murya. “Ka san shi?”

Ya saci kallonsa, ya mayar da ido ƙasa. “Ban san shi ba,” ya ce. “Amma ba kowa nis sani ba.”

Na ciro ƙaramar wayata. Ba kira, ba saƙo. Kamal ya cika alkawari, bai ce komai ba. Na waiga hanyar gidanmu ko zan hango Inna tafe da mayafi a hannu tana ƙwala mini kira, ta ja ni gida a gaban kowa in yi ta fushi da ita har shekara. Ba kowa a lungun sai wata akuya.

“Malama, rana na yi,” mutumin ya ce, ya matsa gaba ya bar mini wuri a bayansa.

Ni Ummukulsum, da na jiƙa leshi da hawaye a kan a bar ni in yi abin da na ga dama, ga ni an bar ni. Na ɗaga jakar na ɗora a kan kujerar babur ɗin, hannuna bai sake ta ba, ina roƙon Allah a zuciyata ya kawo ko mutum ɗaya da zai ce mini kada ki hau.